A Sa Manu a Tsakiyar Gona

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni ne Sabitu ɗan Jatau na Wurma, ƙasar Kurfi, wanda aka fi sani da Sabitu Mai Riƙo. Ina faɗin wannan magana da hankalina garau, ba zafin ciwo ke sa ni ba, ba kuma fushi ba. Ƙirjina ne ya gaji, kaina lafiya lau yake. 'Yata Saudatu ke rubutawa, Malam Isiyaku limaminmu yana zaune yana ji, a wannan shekara da aka raba mu da Kaduna aka ba mu jihar Katsina.

Maganar taku ce, 'ya'yana Garba da Mamuda da Sodangi. Waƙar noma ta gidanmu murya uku ce, kowannenku yana riƙe da ɗaya, kuma rabonku da zama inuwa ɗaya tun zaɓen da soja suka rushe. In ba ku haɗu ba, waƙar ta bi ni kabari. Na aika ku zo tare. Garba ya aiko da magani daga Dutsin-Ma. Mamuda ya zo, bayan ya tabbatar Garba ba ya nan. Sodangi ya zo ya yi min nasiha ya koma. Na gode, amma ba abin da na nema ke nan ba.

Na ɗaya. Gida da gonaki da tumaki, Malam Isiyaku zai raba yadda shari'a ta ce. Ban sa baki ba, kada wani ya ce na taɓa raɗa masa wani abu a ɓoye. Roƙo ɗaya nake yi: duk wanda gonar tudu ta faɗa wa, wadda ke da gawo a kusurwar gabas, kada ya yi saurin sayar da ita. Ita kaɗai ta rage mana mai faɗin da murya uku za su iya tsayuwa.

Na biyu. Ba wanda ke bina kuɗi. Amma Gogo, matar marigayi Alu abokin waƙata, tana bina noma. Yaran gidanta sun yi min noman fari bara da ciwo ya kwantar da ni, ban rama ba. Ku je ku nome mata gonar wake da hannunku. Kada ku tura 'yan ƙwadago, don ba 'yan ƙwadago ta turo min ba.

Saudatu ta ce in bayyana yadda waƙar take, don jikoki za su karanta ba su sani ba. Gaskiyarta. Mu uku ne, ni da Alu na Karofi da Tanimu, Allah Ya jiƙansu. Ba mu da ganga, ba mu da kalangu, saran hauyar 'yan gayya shi ne kiɗanmu. Kuma ba ma tsayawa wuri ɗaya. Alu mai ɗauka ne, muryarsa siririya ce mai nisan zango, sai ya tafi can ƙarshen gona inda iska ke dosa. Tanimu mai karɓa yana gefe, yana bin kunya a hankali. Ni mai riƙo, da yake muryar ƙasa ba ta da ƙafa, nakan tsaya inda iska ke fitowa don ta ɗaukar min. Alu ya jefa, kafin ya sauke Tanimu ya cafe, ni kuwa ina ƙasa ban saki ba. Kowa da kalmominsa, kowa da hanyarsa. A tsakiyar gona suke gamuwa, bisa bayan manoma, can ne kawai waƙar take zama waƙa.

Shi ya sa ake kiran masoyanmu 'yan tsakiya. Mutum zai saɓo hauya tun daga Karofi ko Dutsin-Ma, ba a gayyace shi ba, bai ma san mai gonar ba, don dai ya samu kunyar tsakiya. Na ga dattawa masu furfura suna cacar baki a kan kunya kamar gadon ubansu. Ba liƙi suke yi mana ba, mu ma ba roƙo muke yi ba, tuwon gayya da kowa ke ci shi muke ci. In waƙa ta yi musu, sai ka ga sara ya daidaita, ba mai magana, ba mai ɗagowa. Wannan shirun ya fi min kowace kyauta.

Na uku. Kaset ɗin da ke cikin akwatina, naɗe da ƙyalle, a ba Gogo. Malam Simeon ne ya ɗauka, malamin asibitin nan mutumin kudancin Zariya da ya yi aiki a Dutsin-Ma. Shi ke jan waƙa a cocinsu, ya san abin da murya kan murya take nufi. Duk inda ya ji za mu yi gayya sai ya hau kekensa ya zo, ya naɗe wando ya shiga kunya. Ran nan ya zo da sabon rediyo mai kaset, ya ce a ajiye a tsakiya. Muka ce ina, ba za a ajiye kayan baƙo mai tsada cikin ƙura da bakin hauya ba. Muka karɓe don girmamawa, muka rataye a jikin gawo kusa da Alu, tunda shi ne babbanmu. Shi kuma kunya ta hana shi musu. Da aka kunna, Alu ne kaɗai a ciki, yana jefawa ba mai cafewa. Muka yi dariya muka ce baɗi a gyara. Baɗin ne aka yi babban fari, ba shuka balle gayya, Alu ya rasu kafin ruwa ya dawo, aka kuma yi wa Malam Simeon canjin wurin aiki. Gogo ta ji muryar mijinta, haƙƙinta ne. Amma ban yarda a kunna wa baƙo a ce masa ga waƙar su Sabitu ba. Ba ita ba ce.

Na huɗu, gare ka Garba. Malfar Alu taka ce, ya bar min ita don wanda zai gaje shi, kai kuwa ka gaje shi. Har ka fi shi zaƙin murya, na faɗa ko da kanka zai ƙara kumbura. Amma ka sani ranar taron siyasar nan a Dutsin-Ma ba ka kyauta ba. Mu uku aka gayyata, ni da kai da Mamuda, tunda mu ne muka ci gaba bayan Tanimu ya bi Alu. Aka jera mu a bayan mota kamar buhuna, aka miƙo abin magana guda ɗaya tak. Ka karɓa ka kai bakinka. Lasifika ta cika gari da muryarka, mu muna buɗe baki kamar masu hamma. Jama'a suka yi ta tafi, ka ji daɗi, ka zarce. Ban hana ka neman abincinka ba, na san waƙar manya ce ke ciyar da gidanka yanzu. Sai dai ba ka taɓa zuwa ka ce wa ƙanenka ka yi haƙuri ba. Ka je. Kai ne babba, ba abin da zai ragu a jikinka.

Na biyar, gare ka Mamuda. Hauyata ta hannu taka ce, kai kaɗai ka rage a gona. An yi maka ba daidai ba, ni shaida ne. Amma kai ma ka dire daga motar nan a gaban mutane, ka kira yayanka maroƙi, ka rantse ba za ka sake karɓar muryarsa ba. Malam Isiyaku ya ce rantsuwar tana da kaffara, ba wuya, ka yi ka huta. Zuciyata ka ɗauko, na san yadda take, takan ɗauki shekara tana tafasa a kan abin da kowa ya manta. Mai karɓa da ba a jefa masa ba, me zai karɓa? Saudatu ta ce tana jin ka a gona kana yin naka layin kai kaɗai, kana barin gurbin Garba, sai ka yi shiru daidai tsawonsa sannan ka shiga. Kada ka yi min musu, ba ta ƙarya.

Na shida, gare ka Sodangi. Ba ni da abin ba ka sai abin da na riga na ba ka, wato riƙo. Tun kana ƙarami nake zuba maka shi a zaure, kuma ya zauna, muryarka ta fi tawa nauyi. Yanzu ka ce ka tuba da waƙa. Ban yi karatun malamanka ba, ba zan ja da su ba, ba kuma zan so ka saɓa wa Allah don ka faranta min ba. Abin da na sani shi ne ba mu taɓa zagin kowa ba, ba mu zuga kowa ya yi ɓarna ba. Gero muke wa kirari, da dawa, da mai gumi, muna roƙon Allah ruwa. Ka kai musu wannan yadda na faɗa, ka ji me za su ce. In zuciyarka ta ƙi, na yafe maka tun yanzu. Amma kada ka yaudari kanka da cewa za ka koya wa wani ya tsaya maka. Ba a koyon riƙo sai da muryoyin da za a riƙe.

Na bakwai. Saudatu ba ta da murya a cikin ukun, amma ita ta bar ɗakinta ta zo ta yi jinyata, da yardar mijinta, Allah Ya saka masa. Duk wanda ya ɓata mata rai a kan rabon gado, ni ya ɓata wa.

Na takwas, kuma don shi na tara mutane. Akwai Manu, Bafulatanin da rugarsu ke bayan Karofi. Ba manomi ba ne. Saboda mu ya koyi riƙe hauya, kunyarsa kullum a karkace, ana yi masa tsiya yana dariya, shi dai a bar shi a tsakiya. A hankali ya zama kunnenmu. In iska ta juya, ko murya ɗaya ta danne sauran, sai ya ɗaga sandarsa ya nuna wa mutum inda zai matsa, mu kuwa ba ma musu. Cikin 'yan tsakiya na zamanin Alu shi kaɗai ya rage. Idonsa ya tafi, kunnensa na nan. Ina roƙonku, da daminar farko bayan raina, ku kira gayya a gonar tudu, ko mutum nawa suka samu. Ku ɗauko Manu ku sa shi a tsakiya. Garba ya tafi ƙarshen iska, Mamuda gefe, Sodangi wurina. In ya ce ta yi, ta yi, sai ku ajiye rediyo a gabansa ku ɗauka. In ya rasu kafin ku shirya, ku bari kawai. Ko kun yi, ba wanda zai gaya muku ko ita ce.

Ba na ruɗin kaina. Gayya ta mutu, mai hali ya sayi garmar shanu, marar hali ya tafi ci-rani. Fari na biyu ya kwashe samarin da na farko ya rage. Waɗanda ke nan sun rataya rediyo a wuya suna noma da waƙar Indiya, kowa da tasa. Ban ga laifinsu ba, ba su taɓa tsayawa a tsakiya ba balle su san abin da suka rasa. Ku kuma na san ku. Garba zai ce yana da taro, Mamuda zai ce sai Garba ya fara zuwa, Sodangi zai ce zai yi tambaya. Damina za ta wuce. Raina yana ɓaci in na tuna, har nakan ji haushin kaina da na ɓata ƙuruciyarku da koyon abin da duniya ta gama da shi.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Shekarar zaɓen nan na yi niyyar sauka. Na shirya da damina ta gaba in tsayar da Sodangi a wurina, ku uku ku yi, ni in ɗauki hauya in nemi kunya kusa da Manu. Tun ina saurayi nake bakin gona, iska tana bayana tana kwashe komai tana kai wa mutane. Abin da nake ji shi ne muryata a cikin kaina, sai ta Alu can nesa-nesa. Ni Sabitu ban taɓa jin waƙarmu ba. Mutane sun ce tana da daɗi, na ga manya suna share ido da bakin riga, na yarda da su.

Allah Ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Garba, Allah Ya tsare maka muryarka da mutuncinka. Mamuda, Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya cika rumbunka. Sodangi, Allah Ya ƙara maka sani mai amfani. Saudatu, Allah Ya ba ki masu yi miki yadda kika yi min. Na yafe muku duka, ku yafe min, ku roƙa min gafarar duk wanda na taka. Ko ba za ku yi waƙar ba, ku riƙe zumunci. Ku ci tuwon sallah a kwano ɗaya, ku je sunan 'ya'yan juna, kada a kai ni kabari kuna tsaye kowa a kusurwarsa. Ni na rasa kunyar tsakiya, na haƙura. Ku dai ku kai 'ya'yanku su tsaya a ciki, ko sau ɗaya ne, tun Manu yana da rai.