Lambar Alli a Wilin Dogo

Litinin, 3 ga Maris

Yau Auta ta kama aiki a matsayin shugabar garejin kamfaninmu. 'Yar cikina. Shekara talatin da ɗaya ina ɗaura wa manyan motocin nan taya, yanzu wadda na yi wa wasa a kan gwiwata ita ce za ta sa hannu kafin motar da na gama ta fita ƙofa. Manaja ya tara mu ya gabatar da ita, kowa yana satar kallona. Na yi tafi kamar kowa. Ban ce ba na alfahari ba. Amma takarda daban, taya daban.

A gida mahaifiyarta ta ce, "Malam, ka dai bi ta a hankali." Na ce ita za ki gaya wa.

Laraba, 5 ga Maris

Ga dokar Auta ta farko manne a bangon rumfata. Wai duk wili, ƙarfen nan da ake sa wa taya, in za a ɗaura shi a baya, inda taya ke zama tagwaye, sai an auna zurfinsa, an rubuta lambar da alli a jikinsa tukuna.

Har zuwa ta yi da kanta ta nuna min yadda ake yi. Ni fa. Ta kwantar da wili raminsa yana kallon sama, ta gitta miƙaƙƙen ƙarfe a bakinsa, ta zura tef ɗin awo har ƙasa inda wilin ke manne wa mota. Sannan ta auna faɗinsa ta raba biyu, ta cire wannan daga wancan, ta ƙara kaurin ƙarfen wilin. Ita ofset take ce masa, yadda yake a littafinsu. Mu zurfin wili muka sani. A cewarta namu motocin milimita ɗari da saba'in da biyar ya kamata ya bayar. In ya gaza haka tagwayen za su matsu, in an yi lodi su riƙa gogar juna har su ɗauki zafi.

Na ce mata tun ba a haife ki ba nake raba tagwaye faɗa. Na zura hannuna tsakanin tayoyin motar da ke kusa, na fito da shi. In hannu ya shige ya fito ba gardama, an gama. Shi ne tef ɗina, kuma bai taɓa yi min ƙarya ba.

"Baba, minti uku ne kawai."

Minti uku sau wili nawa a rana?

Ta bar min tef ɗin a kan tebur. Na jefa shi cikin gwangwanin tsofaffin notuna.

Talata, 11 ga Maris

Mai sito ya sauke wili arba'in, tsofaffi ne da aka kwance daga wasu motoci, aka gyara aka fesa musu fenti. Fentin ya yi kauri har ya binne lambar da masu ƙera su ke bugawa. Duk kamarsu ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. Auta ta ce a auna su ɗaya bayan ɗaya. Na ce to. "To" ba ta taɓa karya wuyan kowa ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Dogo ya shigo da hantsi yana sauri, siminti yana jiransa. Shekara ashirin ina yi wa motarsa taya, shi ne direban da ya kai ni asibiti bara lokacin da na kwanta. Wili biyu na bayan hagu sun tsage a ramin noti. Na ɗauko biyu daga cikin sababbin, na sa musu taya, na ɗaura, na zura hannu. Ya shige. Ya ɗan goga, amma ya shige.

Na ɗauki alli na rubuta 175 a jikin kowanne. Alli Auta take so, na ba ta alli.

Ta zo da takardarta, ta duƙa ta duba.

"Ka auna, Baba?"

"Ga shi nan a rubuce."

Ta dube ni ɗan lokaci, sannan ta sa hannu. Ban yi ƙarya ba, na ce a rubuce yake, kuma a rubuce yake.

Litinin, 17 ga Maris

Dogo ya je ya dawo lafiya lau. To ina dokar?

Alhamis, 20 ga Maris

Motar Dogo ta faɗi. A gangaren nan mai kwana, ɗauke da lodi. Tayar ciki ta bayan hagu ce ta fara fashewa, ta waje ta bi ta, motar ta karkace ta kwanta a rami. Yana raye. Hannun dama ya karye wuri biyu, da haƙarƙari uku.

Da labarin ya iso gareji babu wanda ya dube ni. Rashin kallon nan ya fi kallo ciwo.

Taya tana fashewa kullum. Ƙusa tana fasa ta, zafin titi yana fasa ta, lodin da ya wuce kima yana fasa ta. Su tambayi masu lodi buhu nawa suka ɗora masa.

Asabar, 22 ga Maris

An jawo motar. Gefen tayoyin biyu, inda suke fuskantar juna, ya goge ya yi sulɓi kamar an bi shi da dutsen guga. Na gani. Na wuce.

Da aka tashi aiki Auta ta same ni a rumfa, ta sa an ajiye wilin biyu a ƙasa. Allina yana nan raɗau a jikinsu, duk da ƙasar da suka kwasa. Mu biyu ne kawai.

"Baba, zo mu auna tare. Ni da kai."

Na ce ban zama ɗan koyo ba.

"Ranar Alhamis zan miƙa rahoto. Dole in rubuta abin da na samu."

Na ce rubuta abin da kika ga dama, ranki ya daɗe. Ta tattara takardunta. Ta fita. Hanyarmu ɗaya zuwa gida, amma kowa motarsa daban ya shiga.

Lahadi, 23 ga Maris

Mahaifiyarta ta ajiye min abinci ba ta zauna ba. Da na yi magana ta ce, "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, Malam." Na ce ke ma sun ba ki muƙami a kamfanin ne?

Ban je duba Dogo ba. Aiki ya yi yawa. Yau Lahadi, na sani.

Litinin, 24 ga Maris

Na riga kowa zuwa, maigadi ne kaɗai. Ba don komai ba, so nake in rufe bakin kowa da lambarsu ta kansu. Na tono tef ɗin daga cikin notuna, na yi yadda Auta ta yi. Ƙarfe a baki, tef zuwa ƙasa, faɗi a raba biyu.

165.

Na ce hannuna ne ya karkace. Na sake. Na juya wilin na sake a wani gefen. Na koma kan ɗayan. Shi ma 165. Milimita goma nan, goma can, ashirin ke nan suka ɓace a tsakanin tagwayen. Abin da bai kai faɗin babban yatsana ba.

Amma ai hannuna ya shige ranar. Na zauna a kan taya ina kallonsa. Tun ciwon bara agogona yake yawo a tsintsiyar hannu, har na huda wa maɗaurin sabon rami. Ban taɓa kawo wa raina cewa tafin ma ya rame ba. Na ɗora tef a kan kaurinsa, sai na ji kunyar kaina na ajiye.

Duk da haka wa ya sayo wilin? Wa ya binne lambar da fenti? Ba ni ba ne.

Talata, 25 ga Maris

Na ji Auta ta bango tana gaya wa uwarta. Wai za ta rubuta cewa ita ce ta sa hannu ba tare da ta sake aunawa ba, don haka laifin sakin motar nata ne. Sunana ba zai fito ba. Uwar ta ce wata ɗaya ba ki cika ba, za su sallame ki. Ta ce, "Umma, in aka kore shi a kan wannan, ba zai ƙara ɗaga kai a cikin mutane ba. Ni yarinya ce, zan samu wani."

Wa ya roƙe ta? Ni za a rufa wa asiri kamar wanda ya saci kaza? Kuma 'yar da na haifa?

Ba ta sake aunawa ba ne don ni ne na rubuta. Da wani ne da ta zura tef.

Laraba, 26 ga Maris

Na shiga ofishin Manaja ban ƙwanƙwasa ba, da wilin a gaba ina mirgino shi. Ya ɓata masa darduma, ban ba shi haƙuri ba. Auta tana ciki da takardu, ta miƙe tsaye.

Na ce, "Wannan rubutun hannuna ne. Ban auna ba na rubuta. Ta tambaye ni, na nuna mata allin. Duk takardar da ta ce wani abu daban, a yaga ta."

Ta ce, "Baba..."

Na ce ba da ke nake ba.

Na ƙara wa Manaja da cewa wilin nan arba'in a gauraye suke, wanda ya sayo su bai san abin da ya sayo ba, kuma akwai goma sha huɗu da na riga na ɗaura wa wasu motocin, suna kan titi yanzu haka. Nan fuskarsa ta sauya. Aka shiga kiran direbobi a waya, kowa ya tsaya inda yake. Ni da ita muka bi su da ƙaramar motar gareji har faɗuwar rana, tana riƙe ƙarfe ina karanta tef. Shida daga ciki gajeru ne. A mota ɗaya tayoyin sun riga sun fara ƙauri.

Ba mu yi hira ba. Sau ɗaya dai ta miƙo min ruwa na karɓa.

Alhamis, 27 ga Maris

An yi min dakatarwa ta mako biyu, da takardar gargaɗi. Ita ma an ba ta tata takardar, amma tana nan a kujerarta. Na sa hannu a tsaye, ban karanta ba.

Asabar, 29 ga Maris

Na je wurin Dogo. Hannu a naɗe har kafaɗa, in ya yi dariya haƙarƙari ya kama shi. Matarsa ta gaishe ni a taƙaice ta fita. Ban ga laifinta ba.

Na gaya masa komai, har allin. Likita ya ce wata huɗu kafin a san ko hannun zai iya juya sitiyarin babbar mota.

Ya ce, "Ni ne na ce ka yi sauri."

Na ce kai ka ce in yi sauri, ba ka ce in rubuta ba.

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Da zan tafi ya ce in gyara masa matashi, wuyansa ya gaji. Na gyara.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Zaman gida. Na gyara famfo, na gyara ƙofar bayi, na kwance keken jikana na mayar. Mahaifiyar Auta ta ce in na taɓa mata injin ɗinki za ta kai ƙarata kamfani a ƙara min mako biyu a can, ba a nan ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na koma aiki ranar Alhamis. Kada wani ya ɗauka an lanƙwasa ni. Har gobe ina cewa rabin abin da ke littafinsu wanda bai taɓa ɗaga jak ba ne ya rubuta shi.

Yau da la'asar wata mota ta shigo da wili ɗaya a lanƙwashe, kaya suna jiranta. Mai sito ya kawo wani daga wani tari daban, ya rantse irin namu ne. Na auna, ya ba da 168. Na ce ba zan ɗaura ba. Manaja ya sauko da kansa, wai milimita bakwai ce kawai, tafiyar ba nisa, mai kaya yana ta kira. Na ce ko ƙofar gida za ta, ba da hannuna ba. Ya ce, kai da ka shekara talatin ba ka aunawa? Na ce talatin da ɗaya dai.

Ya juya wurin Auta yana neman ta sa baki. Ta ce, "Ba na sa hannu a abin da mai taya bai ɗaura ba." Ta koma ofis, na ga kafaɗarta tana rawa. Ban san abin dariya a ciki ba.

Da yamma ta tsaya a bakin rumfa ta ce ko mu tafi tare. Na ce ta jira in wanke hannu.

Motar tana nan a tsakar gareji a kan jak. Sai an kawo wilin da ya cika, ko da za ta yi mako.