A Maido Wa Yaranmu Shafukan Amsa da Aka Yanke Daga Littafin Lissafi

Zuwa ga Shugaban Makarantar Sakandaren da jikokina ke karatu, a yankinmu na Batsari da Safana.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka. Ya aiki, ya fama da yara, ya kuma haƙuri da wannan hali da muke ciki? Allah ya kawo mana sauƙi, amin.

Ranka ya daɗe, ban sa sunanka ko na makarantarka a wannan takarda ba. Ka san kanka, ni ma ba tozarci na fito yi ba. Na rubuta ta a fili ne saboda na zo maka a ɓoye, ba ka saurare ni ba.

Zan fara da abin farin ciki. Jikata Saudatu ta ci lissafi a jarrabawar kammala sakandare. Ranar da sakamakon ya fito na yi sujada a tsakar gida, kakarta ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ta haihu. Ni da gwiwata ke ciwo na zagaya unguwa ina faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Ubanta ɗana ne na fari, an harbe shi a gonarsa wajen Ruma, tun daga nan ita da ƙanwarta Zulai suke hannuna. Yanzu ƙofar makarantar koyon aikin lafiya ta buɗe mata. Amma wannan zama na biyu ne. A na farko ta ci komai sai lissafi, ta yi shekara guda a gida tana kallon ƙawayenta suna tafiya. Na san abin da ya jawo haka, shi ya sa murnar tawa ta ƙi zama wuri ɗaya.

Na farko. Makarantarku ba ta da malamin lissafi tun Saudatu tana aji biyar. Wanda ake da shi ya nemi canjin wuri bayan 'yan bindiga sun tare motarsu a hanya, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma yana da 'ya'ya. Ban ce laifinka ne ba. Malamin darasin noma ne yake shiga musu wani lokaci, mutumin kirki, shi da bakinsa ya gaya wa yaran cewa abin ya fi ƙarfinsa.

Na biyu. Allah ya kawo wasu bayinsa suka ba makarantar littattafan bitar lissafi, irin waɗanda aka tsara don yaro ya koya da kansa. Kowane darasi akwai bayani, sai misali da aka warware mataki mataki, sai tambayoyin gwaji. Aka raba wa 'yan ajin ƙarshe, muka yi ta addu'a. Saudatu ta riƙe nata kamar rai. Ta cika littattafan rubutu huɗu da aiki, na gani da idona. Ta shiga jarrabawa da ƙarfin gwiwa, ta faɗi.

Na uku, nan ne maganar take. Da za ta sake zama, wani ɗan ƙanwata da ke Zakka ya ara mana nasa littafin. Irinsa ne sak, bango ɗaya, suna ɗaya. Da na ɗora su tare sai na ga na aron ya fi kauri. Na buɗe bayan na makaranta, sai ga guntayen takardu a jere, an bi su da reza an yanke tas. A na aron, wurin nan amsoshin dukan tambayoyin gwaji ne. Wato an ba yarinya littafin koyo da kai, an cire abin da zai gaya mata ta yi daidai ko ta ɓata, a makarantar da babu malamin da zai duba mata.

Ka san abin da muka gano a mako na farko? Idan lamba ta tsallaka ɗaya gefen alamar daidai, dole alamarta ta juya, ta ƙari ta koma ta ragi. Saudatu ba ta juyawa. Littattafan rubutun nan huɗu, kuskure ɗaya take ta maimaitawa a cikinsu, kullum tana ƙara ƙwarewa a kansa, tana ganin karatu take yi. Ranar da ta gane, ta kifa kai a kan tabarma ta yi kuka. Ta ce mini da ma ba ta yi ƙoƙarin ba, da hannunta bai saba ba.

Ga yadda muka yi. Kullum bayan la'asar sai mu zauna a zaure. Ta kwafi tambayoyi a takarda, ni in riƙe littafin. Ban san me ake nufi da haruffan da suke cusawa cikin lissafi ba, amma na iya karanta lamba. Ta gama ta faɗi amsarta, in duba baya. In ta yi daidai in ce ta wuce gaba. In ba ta yi ba, in ce a sake, in miƙa mata ta koma kan misalin ta nemo inda ƙafarta ta zame. Wani lokaci ta ce, “Kaka, ɗan leƙa mini farkon lambar kawai,” in ce mata a sake dai. Wata huɗu muna haka. Babu malami, babu darasin kuɗi. Littafi cikakke ne kawai, da tsoho mai tabarau.

Na huɗu. Na zo ofishinka da littattafan biyu a hannu. Ka karɓe ni da mutunci, ka sa aka kawo mini ruwa, na gode. Ka ce kai ka sa a yanke, domin in an bar amsa yara kwafewa suke yi, kuma haka ka tarar ana yi tun kana ɗalibi, amsa ta hannun malami ce. Na tambaye ka wane malamin. Sai ka yi murmushi ka ce, “Baba, wannan harkar boko ce, ka bar mana.” Shafukan kuwa suna nan a saman kabad ɗinka, an ɗaure su da igiya, ƙura ta rufe su. Kai ka nuna mini su da bakin biro.

Gaskiya ne, Malam, boko nawa gajere ne. Na haura arba'in kafin in riƙe fensir. A ajin yaƙi da jahilci na koya, mu manoma da makiyaya, bayan an dawo daga gona, gemu ya fara fari muna haɗa baƙi. Amma can na koyi abin da nake ganin ya wuce ka. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, sau biyu kawai yake zuwa a mako. In zai tafi sai ya rubuta mana aiki a gaban kwali, amsa a bayansa, ya ce kowa ya yi tukuna sannan ya juya. Akwai masu juyawa tun farko, ni ma na taɓa yi, ban kuma ƙaru da komai ba ranar. Bai taɓa hana mu duka saboda su ba. Ya san mai koyo shi kaɗai ba shi da wanda zai ce masa ya ɓata hanya sai bayan kwalin nan. Kai kuma don tsoron malalaci ka hukunta mai ƙoƙari. Malalacin bai rasa komai ba, da ma ba buɗe littafin yake yi ba. Jikata ce ta rasa shekara.

Na biyar. Zulai tana ajin ƙarshe yanzu, jarrabawarta saura 'yan watanni, kuma yankakken littafin ne a hannunta. Na aron ya koma Zakka, mai shi yana da ɗan da zai zauna bana. Na nemi irinsa a kasuwar Batsari, na aika Safana, babu. Raƙumi ba ni da shi, sa na ƙarshe shi na sayar Saudatu ta sake zama. In Zulai ta faɗi, ta faɗi ke nan, ba ni da abin da zan sake tsaya mata da shi. Jiya ta kawo mini aikinta ta ce in duba kamar yadda nake wa yayarta. Na juya baya, na ga guntayen takardu, na mayar mata.

Saboda haka ina roƙonka abu uku. Ka sauko da damin nan ka mayar wa kowane yaro shafukansa a cikin makon nan. In an sake kawo littattafai, kada reza ta taɓa su. Sannan ka ci gaba da matsa wa na sama su turo malami, mu iyaye za mu sa hannu a duk takardar da ka rubuta, masu dangwale su dangwala.

In aikin mayar da shafukan ne ya yi maka yawa, ba sai ka sa kowa ba. Ranar Litinin da hantsi, in Allah ya kai mu, zan zo bakin ƙofar makaranta da basilla da zare. Yara su kawo littattafansu ɗaya bayan ɗaya in ɗinke musu. In ba a sauko da damin daga saman kabad ɗin ba, zan dawo Talata, in zauna inda masu kawo 'ya'yansu za su gan ni, duk wanda ya tambaye ni abin da nake jira zan gaya masa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare ka a hanya, ya shirya maka zuriyarka, ya sa kada ɗanka ya taɓa zama gaban tambaya babu mai gaya masa ya yi daidai ko ya ɓata. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalam.

Naka,
Kakan Saudatu da Zulai.