Hannunki a Hoton Titin Gezawa

Barira,

Sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar gona, inuwar tsamiya ga wanda rana ta dafa! Ya furen wake, ya zuma farar saƙa, ya Barira 'yar Malam Mika'ilu, sallama gare ki daga ɗakin mai ɗori, inda nake kwance da kara ɗaure a hannuna na hagu, haƙarƙarina yana sukata duk sanda na ja numfashi zan ambaci sunanki. Kuma ban fasa ambata ba.

An kawo mini saƙonki. Wai in manta da ke, wai sunanki ya ɓaci kada ya shafi nawa, wai tun da abin ya faru ko zaure ba ki leƙa ba. Barira, sanduna sun sauka a jikina ban yi kuka ba, amma wannan saƙon ya fi su sanin inda ake dukan mutum.

Ki tuna ranar. Da hantsi ne, jini ya ɓalle wa yayarki Asama'u a kan gwiwa, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. A wannan zamanin da mai ya zama sai wane da wane, gidaje suka koma cin afafata, tarkacen shinkafar da a da ake zubarwa, mota nawa ta rage a ƙauyenmu? Ni kaɗai aka samu, da 'yar motar wani Alhaji da nake haya da ita. Muka shimfiɗe ta a baya, kanta a cinyar Innarku, ke kika shiga gaba. Na taka mota har gero da dawa suka koma koren zare a gefen titi. Da Asama'u ta ƙwalla ƙara sannan ta yi ɗif, kika damƙe damtsena da hannu biyu, mayafinki ya zame, kina roƙona in ƙara wuta. Wallahi da shatin farcenki zai zauna a fatata, da ban so ya warke ba!

Ashe a daidai lokacin muke wucewa ta ƙarƙashin ƙarfen nan da aka kafa a hanyar shiga birni, mai kyamarar kama masu gudu. Ido marar ƙiftawa, marar kunya, marar sallama! Ta ɗauki lambar mota, ta ɗauki fuskata, ta ɗauki gashinki da hannunki a jikina. Bayan mota ne ba ta ɗauka ba. Ba ta ga jinin da ya jiƙa kujera ba, ba ta ji salatin Inna ba, ba ta bi mu asibiti ta ga an fito da jariri da ransa, uwarsa da nata ba.

Aka tura wa mai motar saƙon tara a waya, da hoton a jiki. Ya nuna a majalisarsu don a yi dariya, wani ya ce a turo masa. Kafin ranar suna, hoton ya zaga Gezawa da rubutu a ƙasa wanda bakina ba zai maimaita ba. Gudu na yi, na yarda. A ci ni tara, a karɓe motar, an kuwa karɓe. Amma fuskarki fa, wa ya ba su? Fuskar da ni mai neman aurenki nake sunkuyar wa da kai a zauren gidanku, ita ce yau a tafin kowane ɗan zaman banza, yana buɗa ta da yatsu biyu?

Sai ga wanki Basiru. Ya same ni a tasha da rana tsaka, shi da abokansa, da gora da ƙotar fartanya. Ta farko ta sauka a gadon bayana. Ta biyu na tare da hannu, na ji ƙashin ya ce ƙas kamar busasshen kara. Na faɗi suka bi ni da ƙafa, bakina ya cika da ƙasa da jini. Na ce masa ya je ya tambayi Inna. Ya durƙusa ya shaƙe wuyan rigata, idonsa jawur, hawaye na zuba, ya ce: “Na sani, Kamilu. Na san kai ka ceci Asama'u. Amma Asama'u ba ta cikin hoton.”

Washegari 'yan'uwana direbobi suka ɗaura wa ƙarfen sarƙa, suka ja da babbar mota har ya kife, suka ragargaza kyamarar da duwatsu, suka cinna mata taya. 'Yan sanda suka zo musu da kulake da barkonon tsohuwa, aka fasa kawuna, aka kwashe wasu. Me aka ƙaru da shi? An kafa sabon ƙarfe, hoton kuma yana nan a wayoyi. Waɗanda suka tsira suka zo har nan, wai in ba da baki su je wa shagon Basiru da fetur. Ba zan ɓoye miki ba, masoyiya, zuciyata ta tafasa, na hango wutar tana lasar kwanon rufin har na ji daɗinta a harshena. Sai na tuna goshinsa irin naki ne sak. Na ce musu wanda ya taɓa shi, ni ya sake karyawa.

Jiya Malam da kansa ya zo duba ni. Ya zauna, ya dafa kaina ya yi addu'a, sannan ya ce ƙofar gidansa a buɗe take gare ni, ƙofar ɗakinki ce ya kasa buɗewa.

To ki buɗe, ya hasken asuba! Kunyar me kike ji? Kunyar kin ji tsoron mutuwar 'yar'uwarki? Shin kuka tana faɗuwa don awaki sun goga jiki a gindinta? Su kalla har idanunsu su tsiyaye. Ni da nake cikin motar na ga abin da ya faru, kuma tun da nake ban taɓa ganin mace mai daraja kamar ke a wannan lokacin ba. Ba ni da mota yanzu, mai ɗori kuma bai yi mini alkawarin hannun zai koma riƙe sitiyari ba. Ina da gonar mahaifina da hannun dama, zan noma miki da shi har ya tsage.

Ran Juma'a Kawuna zai zo gidanku da goro. In kin ce a mayar, zai ɗauka ya tafi ba tare da ɓacin rai ba, ya dawo Juma'a ta sama, da wadda ke bin ta, har ƙafarsa ta gaza. Ranar kuwa ni zan taso da kaina, ko a kafaɗar Basiru zan dogara.

Naki, da ƙashin da ya karye da wanda ya rage, har ranar da za a juya fuskata gabas,

Kamilu