Ni Nake Kwashe wa Yayana Taurarinsa

Assalamu alaikum Anti, ke da masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a tsine mini.

Ni saurayi ne daga wani ƙauye kusa da Kadawa. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ƙarfin gidanmu, noman rani yake yi, tumatir da albasa. Ni kuwa ban da zaman shagon gem, wato wasan talabijin, a Kura ba abin da na iya, kuma ko a gaban wa sai ya kira ni sakarai. Bara motar tumatir ta faɗi da shi, ƙafafunsa suka mutu. Da zaman ɗaki ya fara cin sa, Inna ta roƙe ni, na kawo masa tsohon gem da 'yar talabijin, muka jawo wuta daga janaretan maƙwabci.

Wasan na wata 'yar dabba ne mai tsalle a kan duwatsu da gadoji tana tsintar taurarin da aka ɓoɓɓoye, kuma akwai babbar ƙofa a ƙarshe da ba ta buɗuwa sai an tara su duka. Anti, mutumin da yake zagina a kan gem, kafin rani ya fita ya wuce inda ni na tsaya. Ya dawo cin abinci, yana dariya. Abokansa in sun taso daga gona, da laka a ƙafa suke cika ɗakinsa suna zuga shi. Rannan ɗayansu ya ce ko a zaune Yaya ya fi ni, har a abu ɗayan da na iya. Kowa ya yi dariya, har Inna.

Akwai ɗan katin da yake riƙe inda mutum ya tsaya a wasan. Na kwafi tsohuwar ajiyarsa a nawa katin, duk ranar da aka fitar da shi wanka sai na shiga na mayar masa da ita, taurarin da ya sha wuya a kansu su ɓace. Da farko ya ɗauka katin ne ya lalace, na ce zan kai a duba, na dawo na ce lafiyarsa ƙalau. Ya sake tarawa, na sake kwashewa. Me nake nema? Wallahi ban sani ba, amma in na jiyo shi yana ƙirge yana rantsuwa, daɗi nake ji a raina.

Sai ya fara zargin kansa, wai ko faɗuwar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ranar da Inna da matarsa suka tafi bikin suna a Bunkure, ya zaunar da ni kusa da shi har ya ciro wani tauraro a ƙarƙashin ruwa, ya ce na zama shaida. Washegari babu tauraron. Ya sa aka kira ni gabansu.

"Kai ka gani da idonka, ko? Gaya musu."

"Yaya, ai jiya ko kunna gem ɗin ba ka yi ba."

Ya yi jifa da kofi, ya kama kuka kamar yaro. Daga nan aka shiga yi masa rubutu da hayaƙi. Matarsa ta hana 'yarsu shiga wurinsa, yarinyar takan tsaya a bakin ƙofa, yana miƙo hannu ana janye ta. In ya ce a sa taki ko a ba shuka ruwa, sai a ce masa to, a fita a tambaye ni. Kawunmu ya damƙa mini gonar, kuma dangi sun yanke za a kai shi asibitin masu taɓin hankali a Kano.

Na daina taɓa katin, amma shi ma ya daina wasan. Shekaranjiya ya miƙo mini abin dannawar gem ɗin, ya ce tunda kansa ya lalace na ƙarasa masa, yana so ya ga abin da ke bayan ƙofar kafin a tafi da shi. Har albarka ya sa mini, wai ni kaɗai ne ban guje shi ba. Na karɓa, na kasa danna komai.

In na faɗi gaskiya, Inna hawan jini gare ta, kuma ko ta rayu ba na jin za ta ƙara kallona. In na yi shiru, mai cikakken hankali za a ɗauka a je a ɗura masa magani. Kawu har ya yi magana da direba. Anti, me zan yi?