Tawadar da Ban Aiko Ba

Dogon Dutsi, 12 ga watan Sha'aban

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga gwaggonki Kubra zuwa ga ɗiyata Shatu, mai jinyar babanta a Dakar. Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ina roƙon Allah takarda ta iske ki lafiya, ya ɗauke wa ƙanena Mani ciwon da ya kai ku ƙasar da ba mu taɓa gani ba, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara. Yaranki suna hannuna, suna ci suna sha. Mijinki ya tafi kasuwar Kore Mairuwa da awaki, bai komo ba tukuna. Akuyar babanki ta haifi biyu, ki gaya masa, na san zai tambaya kafin ya tambayi lafiyata.

Bayan haka, Gado, kukun Bature da ya zo hutu daga wajenku, ya kawo mini takardarki. Na karanta ta har sau uku. Kin ce lokotoro, wato likitan asibitin, ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, ana kwantar da Mani kullum ƙarƙashin wani inji mai haske da ido ba ya gani, hasken yana ƙone ciwon daga ciki. Kin ce kumburin ya saɓe ƙwarai. Na yi hamdala. Sai a ƙarshe kinka ce in aiko miki da tawada, in haɗa ta da ɗan shuni. Nan na tsaya. Ni na koya miki riƙon alƙalami, Shatu, kuma ban taɓa koya miki rubutun sha da shuni ba. Sannan mutumin da kinka ce ko kunu da ƙyar yake haɗiyewa, rubutu nawa zai sha da har tawadar Dakar ta kasa?

Sai na sa anka kira mini Gado. Kada ki riƙe shi a zuci, bai kawo tsegumi ba, ni na yi ta jan shi da hira har ya faɗi abin da idonsa ya gani. Ya ce ranar farko mutanen asibiti sun kwaɓa wata farar ƙasa sun shafe wa Mani ƙeya da wuya, ta bushe ta zama kamar akushi daidai kansa, a ciki yake ɗora kai don kada ya motsa. Ya ce sun zana masa layuka da tawada mai ruwan shuni a muƙamuƙi da ƙarƙashin kunne, da su ake daidaita hasken, kuma sun hana ruwa ya taɓa wurin har a gama. Na tambaye shi ko Mani yana salla. Ya yi dariya, ya ce buta ba ta barin hannunsa, har 'yan ɗakinsu suna kiransa liman. Na ce alwala yake yi ko taimama. Sai Gado ya hau duban ƙasa.

Allah ya gafarta mini in zato na yi, amma ga abin da zuciyata ta ba ni. Babanki yana wanke fuska sau biyar a yini, zanen yana gogewa, ke kuma kina mayar masa da shi da hannunki kafin a kira shi. Wataƙila kin samu ragowar tawadarsu, yanzu ta ƙare, shi ya sa kike neman mai kama da ita. Na san hannunki yana da kyau, ba mai ganewa. Kyan hannun naki ne ya hana ni sukuni.

Akwai na biyu. Gado ya ce Mani ya rame har hularsa tana sauko masa kan kunnuwa. To in hula ta yi masa yawa, akushin nan fa? An yi shi ne lokacin da wuyansa ke cike da kumburi. Gado ya ce ya ga kin naɗe wani ƙyalle kin soka masa a wuyan riga ta baya, ya ɗauka don sanyin teku ne. Ni ban ɗauka haka ba. Ya kuma ce fatar ta yi baƙi ta saɓule a bayan kunne, nesa da inda kumburin yake. Ban san aikin lokotoro ba, amma na yi shekaru ina zanen ƙwarya. In kin ja layi a jikin duma ɗanye, ya bushe ya tsuke, layin ba ya zama inda kinka bar shi. Wanda ya auna da farko shi ya kamata ya sake aunawa. In kan Mani yana juyawa a cikin akushin, layin kuma naki ne, hasken nan ina yake sauka? Ina jin tsoron yana cin nama mai lafiya, ciwon kuma yana gefe yana hutawa.

Na san ba ke kinka ƙulla wannan ba. Na san ƙanena. Tun da ya komo daga soja yake cewa ya yi shekara bakwai yana salla a ɓoye cikin takalmi, ba Baturen da zai sake raba shi da alwala. Kuma Gado ya ce an gaya muku in zane ya ɓace sai an sake awo, a sake akushi, a ƙara kwanaki, Mani kuwa ya rantse ruwan farko zai iske shi a gonarsa. Ya tsare ki da idanun nan nasa, ke kuma ba ki iya ce masa a'a. Ni ma da na girme shi, sai na shirya kafin in ce masa a'a.

To ki karanta masa wannan da ƙarfi. Mani, abin da munka koya gaban malam tun muna yara bai canza ba: wanda ruwa zai ƙara wa ciwo, taimama ce tsarkinsa, sallarsa cikakkiya ce. Allah ne ya yi sauƙin, ba Bature ba. Gona kuwa Umaru ɗan wanmu ya riga ya share ta, irin gero yana rumbuna, za a shuka ko kana nan ko ba ka nan. Gero ana samunsa baɗi. Ƙane ɗaya ya rage mini.

Ke kuma Shatu, gobe kafin a kwantar da shi, ki nemi mai fassara, ki gaya wa lokotoro duka: wankin, da zanen, da ƙyallen. Zai yi faɗa, ki sunkuyar da kai ki sha. In kuma na yi miki ƙazafi, ki rubuto ki faɗa mini, in nemi gafararki gaban mutane da farin ciki.

Inna Ajuma tana gaishe ku, da Umaru, da Kaltume da ke Tibiri, da yara duka. Ki gai da matan da ke jinya tare da ke.

Ƙunshin da Gado zai ba ki yana da nauyi, kada ki yi murna da wuri, ba tawada ciki. Dutse ne sumul, na tsinto shi da kaina a gindin dutsen garinmu, na wanke na shanya. Ki ajiye masa shi inda butar take, butar kuma ki kai ta inda hannunsa ba ya kaiwa.

Wassalam. Ni ce gwaggonki mai jiran amsa,
Kubra