Inna, Sun Sa Gidan Sauro a Ruwan Daberam

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Na san wasiƙa ba ta isa kabari, amma masu leƙa ta su karanta da kyau, don har da su nake.

Inna, ƙanenki Kawu Sale ya yanke gaisuwa da ni, wai na tona masa asiri gaban Sarkin Ruwa. Ban musa ba, na tona.

Kin tafi kafin in sami wannan aiki. Ofishin kula da kamun kifi ne ke tura ni bakin dam ɗin Daberam, in auna tsawon kifin da masunta suka fito da shi, in tsaga cikin wasu in ga ko suna da ƙwai. A makaranta an ba mu labarin wani kifin ƙasashen ƙanƙara, wai shi salmon, da ake hana kowa taɓa koginsa in zai yi ƙwai. Na ce a raina, ai mu ma in damina ta sauka rufe ruwa ake yi tun kaka da kakanni.

Bana ruwa yana rufe, sai ga 'ya'yan kifin karfasa tuli a kasuwar Daura, ba su kai ɗan yatsana ba. Na bi sawu. Ashe gidan sauron da asibiti ke raba wa masu juna biyu aka harhaɗa ya zama taru. Ba ya barin komai, Inna, har ƙwan da ke maƙale a ciyawa yake kwashewa. Mai riƙe da igiyar gaba kuwa Kawu ne.

Na tuna ki a gindin murhun banda, hayaƙi na sa ki hawaye, aka kawo miki tarwaɗa ciki fal ƙwai. Da ƙafa kika ture ƙwaryar, kina cewa, "Wanda ya dafa iri, me zai shuka?" Ranar miyarmu lami muka sha.

Gidan Kawu na fara zuwa, na durƙusa na gaya masa. Ya ce in tashi, ai shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Daga nan ne na wuce wurin Sarkin Ruwa.

Yanzu kuma shi da masuntan sun sake salo. Tunda aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya zama malami, wai bai dace mace ta tsaya bakin ruwa cikin maza ba. Da hijabina nake zuwa, har ƙasa, bakinsa duk taɓo, kuma da izinin mijina. Su fara kawo mini ayar da ta halatta ɓarna a ruwa, sannan a zo kaina.

Dangi sun sa ranar Juma'a don a sasanta mu. Abin da suke so in ce idona ne ya gane mini ba daidai ba. Zan je, zan durƙusa, zan gaishe shi yadda kika koya mini. Amma ba zan ce ban gani ba.

Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Duk duniya shi kaɗai ya rage mai irin muryarki. In ya kira sunana, sai in ji kamar ke ce. Ina tsoron ba zan sake jin ta ba, kuma duk da haka ba zan janye ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sanyaya zuciyar Kawu, ni kuma ya riƙe mini ƙafata ranar Juma'a. Amin.

Taki har kullum,
Balaraba