Atamfar ankon da Mama ta kawo daga Kwatano

Anti Rifkatu,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya zafin Dubai? Ya ƙafar taki? Mu a Sabon Tasha lafiya, sai abu ɗaya.

Mama ta je Kwatano sayo atamfar ankon bikin ’yarki Yaya Talatu. Mai shagon ya ba ta kujera, ya ce zai ɗaure kayan a ciki. Ta ji kunyar bin sa. Jiya matan zumunta na coci suka taru aka kwance. Anti, turmi ɗaya ne a sama, sauran duk tsumma! Maman Joy ta ce, "Yesu! Wannan za mu ɗaura?" Mama ta kasa cin abinci, ga biki ya matso.

Don Allah in kin sayi leshin amarya, a ɗaure shi a gabanki. Ki sa mu a addu'a, ki gaida abokan aikinki.

Taki,
Murna